Jaririn Bana

Ranar da aka sauko da komin daga cikin silin, ranar aka kwashe Amarya da jaririnta aka mayar da su sito.

Komin na katako ne, irin wanda ake zuba wa dabbobi abinci. Marigayi maigidan ne ya ƙera shi da hannunsa tun yana aikin kafinta. Duk Kirsimeti, idan an taso daga coci, dangi kaf sai su hallara a falon Mama. A shimfiɗa ciyawa a komin, a kwantar da jaririn da ya fi kowa ƙanƙanta a zuriya, uwarsa ta yafa shuɗin mayafi ta zauna a gefe ta zama Maryamu. Jikoki maza su ɗaura tawul a ka su zama makiyaya, matan su sa fukafukan kwali su zama mala'iku. A yi waƙa, a ɗauki hoto, a kafa a bango. Bangon falon ya cika da hotunan nan, Mama kuwa ba ta barin baƙo ya sha ruwa sai ta zagaya da shi ta nuna masa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kwantar shi ake kira jaririn bana, har shekara ta zagayo.

Bana Amarya ce ta haihu, matar Auta. Namiji ta haifa, mai yawan suma, mai dogayen yatsu irin na ubansa. Sai dai leɓensa na sama a tsage yake har cikin hanci, saman bakinsa ta ciki ma a buɗe. Nas ɗin ƙaramin asibitin da aka haife shi ta ce abu ne da ake ɗinkewa, kada a tayar da hankali. Amma ta ja musu kunne su kai shi babban asibiti da wuri, a ba su fida ta musamman, wato kwalbar shayar da jariri, domin ba zai iya kama nono ba, kuma nonon yana iya bin hanyar numfashinsa.

Matsalar ita ce Mama ta riga ta yi magana. Da safiyar Lahadi aka bugo mata cewa an sauka, tana cikin coci. Ko ganin yaron ba ta yi ba ta miƙe gaban jama'a ta ba da shaida cewa Allah ya ba ta jika namiji cikakke, kamar an zana shi, domin a zuriyarta ba a haihuwar mai aibu. Aka yi ta tafi. Ita ce shugabar matan coci, rabin matan nan kuwa a babban asibiti suke aiki.

Saboda haka duk wadda ta zo barka, a falo take tsayawa. Mama ta ce likita ya hana shiga wurin mai jego, wai saboda iska.

"Mama, asibitin fa?" in ji Amarya, tana tsaye da yaron a kafaɗa, Auta yana jan katifa yana wucewa ta gabanta kamar bai san ta ba.

"Bayan biki."

"Nas ta ce kada a jinkirta."

"Nas ce ta haifi mijinki ko ni? Yaro bakwai na raina, ba wanda na kai asibiti don ya ƙi shan nono. Ɗakin nan naku baƙi za a sauka a ciki. Can baya ya fi miki shiru, ki huta."

Wurin hutun, ɗaki ne mai taga ɗaya ƙarama can sama. Buhunan shinkafa a gefe, kujerun roba a jere har rufi, tsohon keken ɗinki, da gwangwanayen fentin da aka shafe falo da shi. Warin fentin har maƙogwaro. Auta ya ture buhu ɗaya da ƙafa, ya yar da katifar, ya fita yana kaɗe hannu.

A nan Amarya ta koyi tatsar nono a kofi tana ɗura wa yaron da ƙaramin cokali. Rabi ya shiga, rabi ya fito ta hanci. Ya ƙware, ya yi tari, fuskarsa ta yi jawur, sannan ya tsala kuka. Kukan yunwa ne, mai ƙarfi, har bakin titi ana ji.

Ranar da matan coci suka zo koyon waƙar Kirsimeti a falo, Mama ta ƙure rediyo, ta sa aka kawo ganga, duk da haka kukan yana ratsowa. Da suka tafi ta zo ta tsaya a ƙofar sito, ba ta shiga ba. Ba ta taɓa shiga ba.

"Ke, ba za ki rufe masa baki ba ne?" Sai ta ji abin da ta faɗa, ta yi tsaki. "Ko da yake ina bakin yake da za a rufe. Ɗan kuka dai shi ke ja wa uwarsa jifa."

"Yunwa yake ji, Mama."

"To ba shi mana! Ni zan ba shi? Ki tuna dai wanda kika yi wa dariya kina da ciki. Ko kuwa a danginku ne ake yin irin wannan aka ɓoye mana? Mu dai ga bangonmu nan, kowa ya je ya duba."

Amarya ta sunkuyar da kai. Ba mai yawan magana ba ce, ko shekara biyu ba ta cika a gidan ba, ga ɗinkin haihuwa bai warke ba, da kyar take kaiwa banɗaki. Iyayenta suna nesa. Wayarta kuwa tun ranar da aka sallamo su Auta ya karɓa wai zai canja mata batir. Sana'arsa ke nan, gyaran waya, mutane suna yabonsa da saurin aiki. Tata ce kaɗai ta gagare shi.

Da yamma yakan leƙo da kwanon abinci, ya ajiye a bakin ƙofa.

"Don Allah ka shigo ka gan shi," ta ce masa wata rana. "Dubi wuyan hannunsa. Zobena zai shiga."

Ya leƙa daga inda yake, ya kawar da kai.

"Jarirai ai haka suke, sai sun saɓe kafin su yi ƙiba."

"Ka kai mu yanzu mu dawo kafin Mama ta taso daga taro. Ba wanda zai sani."

"Da wace motar? Tun safe take jigilar kaji da lemo. Gobe kuma zan ɗauko Anti Babba da yara daga tasha. Ke ba kya ganin hidimar da ake yi ne?"

"To ka samo mana tasi."

"Mu shiga asibitin nan a tasi, matar fasto tana zaune a wurin yankan kati? So kike hawan jinin Mama ya tashi? In ta faɗi, ke za ki ɗauke ta?" Ya sassauta murya, irin ta mai lallashin ƙaramar yarinya. "Haƙuri za ki yi. Biki kamar yau ne. Ana gamawa ni da kaina zan kai ku, wallahi."

Ya tafi hura balan-balan.

Anti Babba, babbar 'yar Mama, ta iso da akwatuna da yara huɗu da turare mai hawa kai. Ita ce mai ɗaukar bidiyon bikin kowace shekara, ta tura wa 'yan'uwan da ke ƙasashen waje. Ta shiga sito da hankici a hanci, ta ɗaga zanen da aka rufa wa yaron da yatsa biyu, ta sake shi.

"Kai! Allah ya kyauta. Sannu, Amarya. Ai kuwa gara da na yi dabara."

Dabarar tana cikin akwati. 'Yar tsana ce ƙatuwa ta roba, mai shuɗin ido da jajayen kumatu, idan an kwantar da ita sai ta lumshe ido. Mama ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta rungume, har da jijjiga ta. Jikanta na jini bai taɓa samun wannan ba.

An hana yara zuwa bayan gida, an ce akwai kunama. Amma wa ya isa ya hana Aku? Autar Anti Babba ce, 'yar shekara biyar, an sa mata Aku ne don duk abin da ta ji sai ta maimaita. Ita ta fara gano sito, tana neman inda aka ɓoye biskit. Ta tsaya a kan katifar ta daɗe tana kallon yaron.

"Anti Amarya, bakinsa irin na ɗan zomo ne!"

Amarya ta kai hannu za ta rufa masa zane.

"Ina son zomo," in ji Aku. Ta durƙusa ta sa masa yatsa a tafin hannu, ya damƙe. Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ya kama ni! Ya san ni yayarsa ce."

Kafin yamma duk jikokin gidan sun san hanya. Su saɗaɗo ɗaya-ɗaya, wannan ya kawo masa alewa, wancan ya ajiye masa motar wasa a gefen kai. Suka yi ta gardamar wanda zai tsaya kusa da shi ranar komi. Babu yaron da ya ga abin gudu a fuskarsa. Sai an girma ake koyon wannan.

"Kaka ta ce wai ku ne kuka ɓata mata Kirsimeti," Aku ta gaya wa Amarya, tana lasar alewar da ta kawo wa jaririn. "Mamana kuma ta ce da ma irin waɗannan ba sa daɗewa. Ina za shi, Anti Amarya?"

Amarya ta juya fuska wajen buhunan shinkafa.

Biki yana matsowa, kukan yana raguwa. Da farko ya daina kaiwa titi. Daga baya ya daina kaiwa falo. Ya koma wani ɗan ƙara kamar na kyanwar da aka rufe a kwali. Ƙirjinsa ya soma kurkur idan yana numfashi, maɗigarsa ta faɗa, ƙyallen da take ɗaura masa ya wuni a bushe. Cokalin ma sai ta buɗe bakin da yatsa.

A cikin gida kuwa murna aka yi.

"Kin gani ko?" in ji Mama daga bakin ƙofa, hannunta duk garin kek. "Ya yi hankali. Da kin bi ta nas da yanzu an gama tallanmu a gari a banza. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa."

"Mama, ba hankali ba ne. Ƙarfin kukan ne babu. Ki taɓa jikinsa ki ji, kamar wuta."

"Hannuna da gari. Ki shafa masa man zafi."

Ana jajibirin biki Baffa ya iso, ƙanin marigayi maigidan, shi ne babba a dangi yanzu. Kunnensa ya yi nauyi, don haka duk maganarsa ihu ce. Ya tarar ana gwajin wasan a falo, makiyaya suna faɗa a kan sanda, mala'ika ɗaya tana kuka an taka mata fiffike. Ya leƙa komin, ya sa sandarsa ya ƙwanƙwasa kan 'yar tsanar. Ta yi ƙwas.

"Wannan kuma 'yar wace ce?"

"Baffa, ta wucin gadi ce," in ji Anti Babba. "Mai jegon ba ta jin daɗi."

"Me?"

"Ba ta jin daɗi!"

"To ita za a kwantar a komin? Yayana bai fasa yatsa yana ƙera wannan abu don a kwantar da roba ba. Tun da aka fara, jininmu ake sawa. Ina jaririn bana?"

Aku ta buɗe baki, uwarta ta toshe shi da tafin hannu.

"In ba a kawo ɗan Auta ba," in ji Baffa, "gobe ba ni ba falon nan. Kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa masa."

Wanda ya san muryar Baffa ya san gari duka zai ji. Mama da Anti Babba suka shige ɗaki suka rufo ƙofa. Ba a daɗe ba suka fito da fara'a, sun samo mafita. Akwai farin shawul mai leshi da hula mai igiya. Idan aka ja hular ta sauko, aka ja shawul ya hau har ƙarƙashin ido, me ya rage? Ido da goshi. Idonsa kuwa, Mama da kanta ta yarda, na gidan ne.

"Ga shi Allah ya taimake mu ya daina kuka," in ji Anti Babba.

A karo na farko Mama ta taka cikin sito. Har da murmushi.

"'Yata, gobe ke ce Maryamu."

Amarya ta dube ta, ta dubi shawul ɗin.

"Numfashi yake da kyar, Mama. In aka rufe masa hanci fa?"

"Leshi ne, duk huda ce. Na minti nawa ne ma?"

Amarya ta gyara wa ɗanta zane. Sannan ta faɗi magana mafi tsawo da ta taɓa yi a gidan.

"Zan yi. Amma ana sauke shi daga komin, mota za ta kai mu asibiti. Ba bayan an ci abinci ba, ba bayan baƙi sun tafi ba. In ba haka ba, ni da kaina zan kai wa Baffa shi yanzu, a buɗe."

Murmushin Mama ya ɗan karkace.

"Ashe kina da baki. To, na ji. Na yi alkawari."

Ranar Kirsimeti gida ya cika ya batse. Ƙanshin soyayyen kaza ko'ina, yara cikin sababbin kaya suna tsalle a kan kujeru, fasto da matarsa a kujerar gaba, maƙwabta har bakin taga. Aka kai Amarya ɗakin Mama a yi mata kwalliya, a shafe ramar fuskarta da hoda. Anti Babba ta ce ta bar mata yaron ta shirya shi.

Da aka fito da ita, yana cikin komin an riga an kwantar. Hula har gira, shawul har ƙarƙashin ido. Idanun a lumshe. Aka zaunar da ita a gefe, aka gyara mata shuɗin mayafi, aka ce ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai kamar mai addu'a.

Baffa ya leƙa ya gyaɗa kai.

"Yauwa! Goshin yayana sak. Amma me ya sa aka naɗe shi kamar mai tsoron sauro?"

"Sanyi, Baffa!"

Aka fara. Babban jika ya karanta labarin yadda Maryamu da Yusufu suka rasa masauki, aka tura su ɗakin dabbobi. Mama ta share hawaye da bakin gyale, kamar yadda take yi duk shekara idan an zo wurin.

"Mutanen da ba su da imani," ta ce wa matar fasto. "Mace da ɗanyen jego!"

Makiyaya suka shigo suna tuntuɓe da tawul. Mala'iku suka ɗaga hannu. Aka ɗauki waƙa, falo duka ya amsa. Anti Babba tana zagayawa da waya, tana cewa a matsa, a yi murmushi, a sake wannan baitin bai fito ba.

Amarya ba ta waƙa. Idonta yana kan leshin, wurin da ya rufe hancin. Ɗazu yana ɗan motsawa, ya lotsa ya taso. Yanzu sai ta daɗe tana jira kafin ya motsa.

"Kai, wannan yaro akwai natsuwa," in ji matar fasto. "Na bara ai ihu ya yi ta yi har aka gama."

"Jinin gidan ne," in ji Mama.

Aku tana tsaye a kan komin da fukafukanta, ita ta ci gardamar tsayawa kusa da shi. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, cike da alfahari.

"Mamana ce ta ba shi maganin tarina, mai sa barci! Cokali guda, don kada ya ɓata bidiyo."

Wasu suka yi dariya, zancen yara. Anti Babba ma ta yi, tana harararta.

Amarya ta kai hannu cikin komin.

"Ke, tsaya, saura hoto," in ji Anti Babba. "Kowa ya dubi nan!"

Hasken waya ya walƙa. Amarya ta fizge shawul ɗin, ta cire hular, ta ɗago ɗanta. Kansa ya langaɓe a hannunta. Leɓen da aka yi ta ɓoyo ya fito fili, ya yi shuɗi-shuɗi. Waƙar ta mutu a bakin mutane, ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce, "Wayyo Yesu!" Matar fasto ta miƙe tsaye, ta dubi yaron, ta dubi Mama.

"Mota," in ji Amarya. Mijinta take kallo.

Auta ya shafa aljihu, ya dubi uwarsa.

"An... an tare ta. Motocin baƙi uku ne a bayanta. Bari a gama addu'ar abinci sai..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta ratsa makiyaya da mala'iku, ta ratsa masu leƙe a ƙofa, ba takalmi, shuɗin mayafin yana jan ƙasa. Tana jin muryar Mama a bayanta tana cewa, "Ku yi haƙuri, zafin jego ne ya taɓa mata kai." Tana jin Baffa yana ihu, "Me ya faru? Me aka yi wa yaron?"

A bakin titi wani mai tasi ya taka birki don kansa. Ya dubi abin da ke hannunta, bai tambayi komai ba, ya buɗe ƙofa. Suna tashi matar fasto ta iso da gudu, ɗankwali a hannu, ta faɗa kujerar gaba. Ita da ake tsoron ta gani, ita kaɗai ta biyo.

A asibiti wata nas ta karɓe shi da gudu ta shige. Aka kira likita. Amarya tana tsaye a bakin labule, jini yana bin ƙafarta inda ɗinki ya buɗe, ba ta ma sani ba. Ba a daɗe ba motsin da ake yi a bayan labulen ya tsaya.

Nas ɗin ta fito a hankali, ta kama hannunta ta kai ta bakin gadon.

"'Yar'uwa, irin wannan leɓen ai kullum muna ɗinke shi. Yaron nan ya daɗe yana jin jiki. Me ya hana ku kawo shi tun tuni?"

Amarya ta dubi ɗanta, ta ce:

"Muna bikin haihuwar jariri ne."

Nas ta dubi shuɗin mayafin, ta dubi matar fasto. Ta ja farin zane za ta rufe masa fuska. Amarya ta riƙe mata hannu.

"Bar shi a buɗe tukuna. Rufin ya ishe shi."

A gida kuwa ba a bar abinci ya lalace ba. An ce zubar da shi alhaki ne.

Washegari aka binne shi, ranar da Auta ya yi rantsuwa zai kai su asibiti. Motar ta samu hanya wannan karon, har da wanke ta aka yi. Falon da aka hana 'yan barka wucewa ya cika da 'yan gaisuwa, kowa kuma ya samu abin faɗa. Auta ya ce shi da ma ya yi niyya, kwana ɗaya kacal ya rage. Anti Babba ta ce maganin nan duk 'ya'yanta sun sha, ga su nan garau, in da wani abu to daga jinin uwar ne. Ta kuma yi wa Aku dukan da ba ta taɓa yi mata ba, don ta koyi riƙe bakinta. Mama ta zauna a tsakiyar mata da jan ido, tana cewa Allah ya ɗauki abinsa a ranar haihuwar Ɗansa, wane gata ya fi wannan? Mata suka ce amin, har da waɗanda suka ga leɓen da idonsu. Abu ɗaya ne Mama ta ce ba za ta yafe ba, yadda yarinyar nan ta tona mata asiri a gaban fasto, bayan duk ɗawainiyar da aka yi da ita.

Amarya ba ta sake taka gidan ba. Daga asibiti yayanta ya zo ya tafi da ita. Aka ce ba ta da haƙuri, 'yan matan yanzu ke nan, abu kaɗan sai yaji.

Hoton ya fito da kyau. An ɗauke shi daidai lokacin da hannun Amarya ya kai bakin komin, sai ka ce uwa ce ke lallaɓa ɗanta. Anti Babba ta sa aka wanke shi babba, aka yi masa firam mai ruwan zinariya, aka kafa a ƙarshen layi. Goshi da gira da farin leshi, ba abin da ya ɓata bangon.

Har yau idan baƙo ya zo, Mama takan zagaya da shi, ta tsaya a wurin ta yi ajiyar zuciya.

"Wannan shi ne wanda ya koma. Duk cikin jikokina ba a yi mai haƙurinsa ba. Ka ga har aka gama wasan nan, ko uffan bai ce ba."